Barewar da Na Raina

A cikin buhun sha'ir maigidana ya kawo ta, kanta kawai ya leƙo waje. Ya ajiye buhun a bakin ƙofa ya ce in nemo tsumma da madara. Na ce masa in akuya zai saya mini ya sayi mai nono mana, wannan abar mai ƙafafu kamar tsinken tsintsiya me zan yi da ita? Ya ce ba akuya ba ce, 'yar barewa ce, kuma ba tawa ba ce balle in tsaya ina raina ta. Ta kafilinsa ce, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan.

Lokacin muna shekararmu ta huɗu a Jidda. Daga Sudan muka ƙetaro, can aka haife mu mu biyun, a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi. Muka yi aikin hajji, muka zauna. Ɗakinmu na langa-langa ne a unguwar Sa'alaba, irin wanda mutanen nan ke kira sandaƙa, da rana in ka shiga sai ka ji kamar an rufe ka a tukunya. Shi sayis ne, wato mai kula da dawaki, a bargar wani attajiri, shi ne kafilin nasa, kuma iƙamarmu, wato takardar izinin zama, a hannun mutumin take. Ni kuwa ina soya gyaɗa da gishiri ina kaiwa bakin kasuwa a faranti, da ɗan gwangwanin tumatir da nake awo da shi.

Wata biyar kafin zuwan buhun nan muka binne ɗiyarmu. Ƙyanda ce. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Na faɗa ne kawai don matan unguwa sun yi ta yaɗa cewa na mai da barewa 'ya, kuma ƙarya suke yi, na san bambancin mutum da dabba. Abin da na sani shi ne hannuna ya saba da hidima, kuma da hantsi ba shi da abin yi.

Attajirin nan yana da wata al'ada. Duk shekara, kwana uku bayan ƙaramar salla, yakan shirya wasan farauta a wani fili can kudu da gari, bayan Mahjar, inda babu komai sai ƙasa mai gishiri da 'yan ƙayoyi. Ana kafa wa manyan baƙi rumfa da darduma, talakawa kuma su jeru a bayan igiya. 'Ya'yansa da abokansu su fito a kan dawaki cikin kayan mayaƙan da, sulke da kwalkwali da dogayen masu, waɗanda duk shekara maigidana ke kwana uku yana goge musu tsatsa da toka. A wannan zafin na Jidda! Ka ga saurayi yana ɗigar da gumi ta ƙarƙashin kwalkwali, amma ya ɗaure fuska wai shi jarumi. Su sukwano su tsire kankana a kan sanda, su tumɓuke turke daga ƙasa da tsinin mashi, su harbi buhun ciyawa da kibiya. Na je sau biyu da farantina, na yi ciniki sosai, na kuma yi dariya har da hawaye ranar da wani ya bi kankanarsa ƙasa.

Ƙarshen wasan ne ba na so. Sai a kawo barewa mai rai a keji, a buɗe mata, a ƙirga goma, sannan a saki karnukan nan na Larabawa masu dogayen ƙafafu da lafaffen ciki, mahaya su bi baya da masu. A can ƙarshen filin akwai farar tuta a kan doguwar gora. Dokar wasan ita ce, in barewa ta wuce tutar nan kafin a cim mata, halas, ta tsira. A busa ƙaho, a kira karnuka, ita kuma ta shige daji abinta. Maigidana ya ce tun da ya fara aiki a gidan sau ɗaya ya ga hakan ta faru, kuma attajirin bai ji haushi ba, har tafi ya yi, don mutum ne mai son a ce yana da adalci.

Da ma daga hannun mutanen daji ake sayen barewar ana gab da salla. A shekarar nan ne wani ya kawo wa attajirin wannan jaririyar kyauta, bayan an kashe uwarta. Ya dube ta ya ce a raine ta, baɗi a yi wasa da ita. Duk bargar babu wanda zai zauna yana ɗiga mata madara, shi ne aka ɗora wa mijina, shi kuma ya ɗora mini. Tun ranar farko ya gaya mini abin da za a yi da ita, bai ɓoye ba.

Na raine ta. Madarar gwangwani na riƙa tsarma wa ruwa ina matsa mata da tsumma, daga baya ta koyi sha a kwano. Ta yi zawo har na fid da rai, ta tashi. Ta cinye mini gefen tabarma, ta ci igiyar shanya, ta taɓa tura baki cikin gyaɗar sayarwa na bi ta da muciya har waje ina zaginta da uwarta. Ban sa mata suna ba, da gangan. In zan kira ta sai in ce ke, kamar yadda maigidana ke kirana.

Da ta fara cin ciyawa ya ce zai mai da ita barga. Ya ce dabbar da za a yi farautarta ba a sabar mata da hannun mutum, a zuba mata abinci ne a juya baya. Na ce a bargar me za su ba ta, ragowar dawaki? Ta rame, ranar wasa karnuka su kama ta tun ba ta yi taku ashirin ba? Muka yi ta yi har maƙwabta suka ji. Ni ba a kayar da ni a magana, ya sani, sai ya ɗauki hularsa ya fita. Barewa ta zauna.

A ranar nan na ƙulla abin da zan yi, ban gaya wa kowa ba. Na ce barewar nan sai ta wuce farar tuta. Ba zan iya sace ta ba, ba zan iya cewa ta mutu ba, don wanda iƙamarsa ke aljihun wani ba ya irin wannan wasa. Amma gudu ai halal ne, dokarsu ce da bakinsu. Na riƙa rage ribar gyaɗa ina saya mata ɗanyar ciyawar barsim da sha'ir, wani lokaci har dabino. Kuma kullum da sassafe, bayan maigida ya tafi aiki, sai in ja ta zuwa wani fegi da ke bayan unguwa in kwance igiya. Da farko ba ta nisa. Da tafiya ta yi tafiya sai ta fara ɓacewa da gani, sai ƙura kawai nake hangowa. In na ga ta yi nisan da zuciyata ba za ta ɗauka ba, sai in buga gwangwanin awo a bayan faranti, ƙwan-ƙwan-ƙwan, kamar yadda nake yi mata a gida in na zuba abinci. Duk inda take sai ta yi kwana ta dawo a guje, ta cusa hanci a tafin hannuna, in ba ta gyaɗa uku ko huɗu. Haka muka yi wata da watanni.

Akwai wata tsohuwa a maƙwabtanmu, haifaffiyar Jidda, kakanninta ne suka zo daga ƙasar Hausa da ƙafa. Hausarta rabi Larabci ce, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Wata rana ta tarar da ni ina cire wa barewar kaska a kunne, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ya binti, kin san ranar yankanta, kina kuma shafa mata kai. Kanki kike cuta." Na ce Hajiya, ba za a yanka ta ba, ki zo fegi gobe ki ga gudu. Ta ce ita ƙafafunta ba sa kai ta fegi. Na ji haushinta ƙwarai, na yi kwana biyu ban aika mata da gyaɗa ba.

Ana tsakiyar azumi maigidana ya zo da igiya, wannan karon bai nemi shawarata ba. Ya ce dole ta koma barga ta ji warin karnuka ta ji haushinsu, in ba haka ba ranar wasa tsayawa za ta yi tana kallonsu, ta kunyata shi a gaban baƙi. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na fi jin zafi. Ta bi shi har bakin lungu sannan ta turje, ya ɗauke ta a kafaɗa. Na koma ɗaki na zauna a kan tabarmar da ta ci gefenta. Ranar ban soya gyaɗa ba.

Sauran azumin na yi shi ne da tambaya. Ta ci? Tana gudu? Karnukan nawa za a saki? Yakan amsa da kalma ɗaya ɗaya. Sau ɗaya kawai, muna shan ruwa, ya ce bai taɓa ganin barewa mai cinya irin tata ba, ko me na riƙa ba ta oho. Na yi kamar ban ji ba, amma daɗi ya kusa kashe ni.

Ranar wasan da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce, "Yau kada ki je filin nan." Na ce to. Ya ce yana nufin abin da ya faɗa. Na ce na ji, ko so yake in rantse? Yana fita na ɗora kasko.

Ba zan yi ƙarya in ce ciniki ya kai ni ba. Farantin hujja ce kawai, don mace ba ta zuwa irin wurin nan hannu rabbana. Na lulluɓe har fuska, na shiga motar da ke zuwa Mahjar, sauran hanyar na taka. Na isa bayan la'asar, ana tsakiyar tsire kankana. Ban tsaya inda masu talla ke tsayawa ba, kusa da rumfa. Na bi igiya na yi ta tafiya har mutane suka fara ƙaranci, har igiyar ma ta ƙare, na tsaya a gefe, ɗan nesa kaɗan kafin tutar. Ba kowa a wurin sai wasu leburori uku da suka hau tulin duwatsu, da wani tsoho mai riƙe da ƙahon da za a busa. So nake in ga wucewarta da idona. Na tsuguna na ajiye farantin a cinya, ina ta karanta duk abin da ya zo bakina.

Daga inda nake rumfar ta yi ƙanƙanta. Na ji an buga ganga, na ji hayaniya ta tashi gaba ɗaya, na san an buɗe kejin. Sai na hango ta. Wallahi ko a fegi ban taɓa ganin ta yi irin wannan gudun ba. Ba ta yi dama ba ta yi hagu, ta miƙe sak kamar an nuna mata hanya. Can baya karnuka uku, bayansu kuma dawaki da ƙura da walƙiyar sulke. Tana matsowa tazarar tana ƙaruwa. Leburorin nan suka miƙe tsaye a kan duwatsu suna ihu, yalla, yalla, tsohon ya kai ƙaho bakinsa.

Ni ma na miƙe. Ina so in yi ihu, amma tun ina yarinya aka hana ni ɗaga murya a gaban maza, muryar ta ƙi fita. Gwangwanin yana hannuna na dama, farantin yana na hagu. Ban yi shawara ba, ban yi tunani ba, Allah shi ne shaidata. Murna ce ta cika ni na rasa inda zan sa ta. Na juya farantin, gyaɗa ta watse, na shiga buga shi da duk ƙarfina.

Ta riga ta gota ni a lokacin. Na ga kunnuwanta sun motsa. Na ga ta rage gudu, ta yi kwanar nan tata da na sani, wadda na koya mata da hannuna kowace safiya, ta nufo ni. Sai a sannan na gane abin da nake bugawa. Na yar da farantin, na ɗaga hannuwa ina korarta, ina cewa tafi, tafi, don Allah tafi. Ina! Ta iso tana haki, ta cusa hanci a tafin hannuna tana neman gyaɗarta.

Karnukan a jikina suka same ta. Ɗaya ya kama cinya, ɗaya ya kama wuya, muka zube gaba ɗaya. Na doki ɗaya da gwangwani, na ja kunnen ɗaya, ban san ma sun yage mini hannu ba sai daga baya. Dawaki suka iso suka kewaye mu. Babban ɗan attajirin yana sama da ni da mashi a ɗage, ya rasa inda zai soka, yana ta faɗa da Larabci a janye matar nan. Wasu daga cikin abokansa dariya suke yi. Sai ga maigidana ya sauko daga kan wani doki, ya daka wa karnukan tsawa suka saki. Ya duba cinyar, ya duba wuyan. Sannan ya dube ni. Fuskata a rufe take, amma ya san zanen, shi ya saya mini da salla.

Ya ce da Larabci, da muryar da ake yi wa baƙuwa magana, "Ya hajja, matsa baya."

Na matsa. Ya juya ta ta fuskanci alƙibla, ya zaro wuƙa, ya yi bisimilla. Ya yi da sauri, wannan kam na gode masa. Aka ɗora ta a kan doki aka koma wajen rumfa ana buga ganga. Ɗaya daga cikin leburorin ya tsinto mini farantina, ya kama tattara gyaɗar daga cikin ƙasa, na ce ya bar ta.

Ba wanda ya san matar sayis ce. Baƙi sun ɗauka barewar ce ta ruɗe ta faɗa kan wata mai talla, aka yi ta ba da labarin ana dariya. Aikinsa bai taɓu ba, iƙamarmu ba ta taɓu ba. An ba shi ƙafar gaba, rabon wanda ya yi kiwo, bai shigo da ita gidan ba, ban kuma tambaye shi inda ya kai ta ba. Tsohuwar nan ce ta wanke mini hannu da ruwan gishiri ta ɗaure. Na zauna ina jiran ta ce ai ta faɗa mini, na ma shirya amsar da zan ba ta. Ita kuwa sai tsaki kawai take yi wa ciwon.

Da ya dawo bayan magariba na tare shi tun bai cire takalmi ba. Na ce ya yi mini faɗa mana, ya ce ya hana ni zuwa na je. Ya zauna ya ce faɗan me? Ya ce karnukan sun riga sun cim mata, ko na buga ko ban buga ba da ba ta kai tutar ba, daga baya inda yake ya fi ni ganin tazarar. Na ce ƙarya ne. Ya ce shi ke kiwon karnukan nan, ya san gudunsu, a ƙarshe suke ƙara wuta. Na riƙe wannan maganar don ba ni da wata. Wani lokaci in yarda da ita, wani lokaci in kwana ina auna filin a kaina.

An yi wasan sau uku ko huɗu bayan nan, ban sake zuwa ba. Sannan attajirin ya rasu, 'ya'yan suka sayar da dawakin suka sayi motoci. Mun sami 'ya'ya, sun rayu, alhamdu lillahi. Na ci gaba da sayar da gyaɗa, sai dai na koma awo da ludayin duma. Filin nan kuwa gari ya cinye shi, aka yi ɗakunan ajiya da masana'antu, har maigidana ya sami gadi a ɗaya daga cikinsu da ƙarfinsa ya fara raguwa.

Wata ranar Juma'a na kai masa abincin rana, don yaran ba sa nan. Muna zaune a inuwar katanga yana ci, sai ya nuna mini wata kwata da ke bin gefen titi, ya ce in bai manta ba nan ne ake kafa tutar. Ya faɗa ne kawai, irin hirar tsofaffi. Na dubi kwatar, na dubi inda nake jin na tsuguna a ranar, wajen wata ƙofar ƙarfe. Kusa ne ƙwarai, ko yaro mai rarrafe zai iya kaiwa.

Na ce, "Malam, shekara goma sha biyar ke nan. Don girman Allah ka gaya mini gaskiya. Da ta wuce?"

Ya daɗe yana juya loma a cikin kwano. Na ɗauka zai sake maimaita mini zancen karnuka masu ƙara wuta a ƙarshe, har na fara tattara kwanukan. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ai ka'ida ita ce a hana karnukan abinci tun jajibirin wasa, don su yi zafin nama.

"Ni kuwa ranar da azahar na shiga na rufe ƙofa, na cika musu ciki da shinkafa da romo har suka bari. Da an kama ni, da a jirgin ruwa za mu kwana, a mai da mu Sudan." Ya ture kwanon gefe. "Da ta wuce."